Maigida yana caca a ɓoye, in yi masa magana ko in ci gaba da addu'a kawai?

Admin Rifkatu:
Salama 'yan'uwa cikin Ubangiji. Wata 'yar'uwarmu ce ta turo min wannan ni kaɗai, tace in saka mata a nan amma kar in faɗi sunanta, don haka don Allah kar kowa ya biyo ni da tambayar wace ce. Ga abin da ta rubuto:

"Mama admin sannu da aiki. Damuwa ce ke hana ni barci. A coci aka ɗaura mana aure, muna da yara, maigida ma'aikaci ne ni kuma ina ɗan saye da sayarwa. Tun bara na lura albashi ba ya kai mu tsakiyar wata, in na tambaya sai yace kaya ne suka yi tsada, ni ma ina zuwa kasuwa na sani, sai in yi shiru. Kwanan nan sai ga saƙo a wayata daga masu ba da bashi ta waya, wai mijina ya ci bashi ya ƙi biya, in gaya masa ko su tura hotonsa ga duk lambobin da ke wayarsa. Da na bincika ashe cacar ƙwallo yake yi, har kuɗin makarantar yara da muka tara tare ya taɓa. Bai san na sani ba. Mutum ne mai hidima a coci, kowa na ganin girmansa, kuma gaskiya ba mugu bane, yana son yaransa. Ina dafa abinci ina kai masa ina murmushi amma zuciyata tafasa take. In na yi magana ina tsoron ya zama raini tunda biyayya aka koya mana, in na yi shiru kuma gidan na lalacewa ina kallo. Me Littafi yace in yi?"

Mama Laraba:
Wayyo 'yata sannu. Ni dai abin da na sani gwiwa ce. Ki durƙusa ki kai ƙararsa wurin wanda ya halicce shi. 1 Bitrus sura 3 ta ce ko mijin da ba ya bin Maganar, halin matarsa zai iya jawo shi ba sai ta ce uffan ba. Mu da haƙuri da azumi muka zauna da iyayenku, ga shi yau muna goyon jikoki. Namiji in kika tone shi kunya ce za ta sa ya taurare.

Alheri:
Mama ku yi haƙuri amma ni ban yarda ba. Addu'a dole ce ba wanda yace a daina, amma za a koma makaranta a koro yara, masu bashi kuma ba sa jiran azumi ya ƙare. Kuma ku duba abin da tace, tana murmushi zuciya na tafasa. Wannan ba haƙuri bane tara fushi ne, wata rana zai fashe a kan kuɗin cefane a gaban yara, ta faɗi abin da ba za ta iya ɗebewa ba. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa Mama.

Istifanus:
Ni tambayata ɗaya ce. Afisawa 5 ba ta ce miji shi ne kan mace ba, kamar yadda Almasihu yake kan ikkilisiya? To ta yaya mace za ta zaunar da mijinta tana tuhumarsa? Irin wannan ne ke kawo raini a gidajenmu yanzu. In abin ya dame ta taje wurin fasto, shi ke da ikon kiransa.

Hannatu:
Ɗan'uwa Istifanus ka faro karatun daga aya 21, can aka ce ku yi wa juna biyayya saboda tsoron Almasihu, kafin a zo kan mata a aya 22. Sannan ka tuna Safiratu a Ayyukan Manzanni 5. Mijinta ya sayar da fili ya ɓoye wani abu cikin kuɗin, da saninta, ta bi shi. Bayan kamar awa 3 ta shigo, Bitrus ya tambaye ta ita kaɗai, ta maimaita abin da mijin ya faɗa. Bin mijin bai cece ta ba, samarin da suka binne shi su suka ɗauke ta. Da tun a ɗaki tace masa maigida wannan ba daidai bane mu ji tsoron Allah, ƙila da labarin ya canza. Kuma kai wa fasto tun kafin shi ya ji daga bakinta, ai wannan ne tonon asirin da ya fi ciwo, a kira shi ofis ya tarar matarsa ta riga shi.

Danladi:
Bari in yi magana a matsayina na namiji. Mutumin nan ya san abin da yake yi ba daidai bane, shi ya sa yake ɓoyewa. Kuma wanda ya kai ga cin bashi don ya buga, yawanci ba riba yake nema ba kuma, kuɗin da ya yi asara yake bi, kullum yana ce wa kansa in na ci wannan karon zan mayar da kuɗin makaranta kafin ta gane. Mai yiwuwa shi ma ba barcin yake ba. Don haka ki yi masa magana 'yar'uwa, wataƙila ma sauke masa kaya za ki yi. Amma yadda za ki yi ta shi ne komai. Kar ki tare shi a bakin ƙofa ya dawo da gajiya, kar a gaban yara ko wani da ke zaune da ku, kar da safiyar Lahadi ana shirin sujada don zai shiga coci da ƙunci ku dawo abin ya fi da. Kar ki sa a status na WhatsApp wai "Allah na gani". Kuma abin da ya fi ƙona mu maza, wanda mata da yawa suke ɗauka ruhaniya ce, shi ne addu'ar habaici. A tara yara addu'ar dare sai ki ɗaga murya, ya Uba ka tsare gidan nan daga masu cinye rabon yara, ko kina shara kina waƙar da kowa ya san da wa kike. Mutum ya gane da shi ake amma ba a ba shi bakin amsawa ba, sai ya tsani lokacin addu'ar ma gaba ɗaya. In da Allah za ki yi magana ki yi da Allah, in da mijinki ne ki dube shi ki faɗa masa.

Godiya:
Maganar addu'ar habaicin nan gaskiya ce, kuma yara na ganewa sarai, su ne ke shiga tsakani a ransu ba su san wa za su bi ba.

Fasto Iliya:
Salama 'yan'uwa. Na karanta duka, na gode wa Allah da yadda ake magana da ladabi. Mama Laraba, ayar da kuka kawo gaskiya ce, amma mu duba su wa Bitrus yake rubuta wa: matan da mazansu ba su karɓi Maganar ba, yana ce masu kada su mai da gida wurin wa'azi dare da rana, su bar halinsu ya yi shaida. Mijin 'yar'uwarmu kuwa mai bi ne, har yana hidima. Wato ɗan'uwanta ne cikin Almasihu, ban da kasancewarsa miji. Kuma Ubangiji ya riga ya gaya mana abin da za a yi da ɗan'uwa a Matiyu 18:15, in ya yi maka laifi ka je ka nuna masa laifinsa tsakaninku ku biyu kaɗai, in ya saurare ka, ka maido da ɗan'uwanka. Yesu bai ce banda mata da miji ba. Littafin Firistoci 19:17 ma ya haɗa abu biyu a aya ɗaya, kada ka ƙi ɗan'uwanka a zuciyarka, ka tsauta masa a fili don kada ka ɗauki alhaki saboda shi. Ku lura, shirun da muke kira haƙuri sau da yawa shi ne ƙiyayyar zuciya da ayar take hanawa. 'Yata, ke da bakinki kin ce zuciyarki na tafasa. In aka bar ta haka, abin da zai fara mutuwa girmansa ne a idonki, daga nan ƙauna ta bi.

Ɗan'uwa Istifanus, girmama miji da faɗa masa gaskiya ba kishiyoyi bane. A Farawa 2:18 mataimakiya Allah ya kira ta, mataimakiyar da ta ga rami ta yi shiru kuwa ba ta yi aikinta ba. A Farawa 21:12 Allah da kansa ya ce wa Ibrahim ya saurari abin da Saratu ta faɗa masa, alhali maganar ta yi wa Ibrahim zafi ƙwarai.

Amma 'yata kafin ki buɗe baki ki tambayi kanki gaban Allah, me nake so ya faru bayan maganar nan? In abin da kike so shi ne ya ji zafin da kika ji, ya sunkuyar da kai ki ga kin yi nasara, to ba ki shirya ba tukuna, ki ƙara kwana ɗaya ko biyu kina addu'a. Galatiyawa 6:1 ta ce wanda aka kama cikin laifi a maido shi da ruhun tawali'u, mai maidowar kuma ya kula da kansa. Kwana ɗaya ko biyu nace fa, ba wata shida ba. Afisawa 4:26 ta ce kada rana ta faɗi kuna cikin fushi, naki fushin ranaku da yawa sun riga sun faɗi a kansa.

Rahila:
Baba Fasto mun gode. A kan lokaci, ni Abigail ce ke burge ni a 1 Sama'ila 25. Dawuda na tahowa da mutum 400 da takuba saboda wautar mijinta Nabal, ita ta tare shi da abinci ta ceci gidan, ta dawo ta tarar mijin ya bugu yana biki, ba ta ce masa komai ba sai da gari ya waye giyar ta sake shi, sannan ta gaya masa duka. Ta jira amma ba ta ɓoye ba. Esta ma sai da ta yi azumin kwana 3, ta shirya liyafa har sau biyu, a ta biyun ta faɗi abin da ke ranta. Ga Mikal matar Dawuda kuma a 2 Sama'ila 6, Dawuda ya dawo zai sa wa iyalinsa albarka ta fito ta tare shi da baƙar magana, tun daga taga ta riga ta raina shi a zuciyarta. Duk ukun magana suka yi wa mazansu, zuciyar da aka tafi da ita ce ta bambanta.

Admin Rifkatu:
'Yar'uwar na bin maganar, ta ce in ƙara wannan: "Na gode iyayena. Abin da nake tsoro, wayarsa na duba da dare yana barci, a nan na ga komai. Na san halinsa, zai bar maganar caca ya kama wa ya ba ki izinin taɓa min waya, daga nan ni ce zan koma mai ba da haƙuri."

Danladi:
Zai iya yin haka kam. Ki fara da saƙon da ya shigo wayarki ke, wannan ba ki nema ba shi ya zo ya same ki. In ya tambaya ki faɗi gaskiya, e na duba, tsoro ne ya sa, in ya ɓata maka rai za mu yi maganarsa amma mu gama wannan tukuna. Kar ki yi ƙarya ko kaɗan, kina zuwa neman gaskiya daga wurinsa ne.

Saratu:
Admin don Allah ki tambaye ta abu ɗaya kafin mu ci gaba da cewa ta kulle ɗaki da shi su biyu. Ya taɓa ɗaga mata hannu? Ko ya taɓa yi mata barazana in ransa ya ɓaci?

Admin Rifkatu:
Tace a'a, bai taɓa ba, in ya yi fushi fita yake yi ya daina cin abinci.

Saratu:
To mun gode Allah. Na tambaya ne don a asibiti nake aiki kuma na san akwai masu karanta wannan a guruf ɗin nan da nasu ba haka yake ba. Duk shawarar nan ta zauna da shi ku biyu cikin dare, ta mijin da ba ya duka ce. In yana dukanki, kar ki tsare shi ke kaɗai, ki fara kai kanki da yara inda ba zai taɓa ku ba, sannan a yi magana da mutane a wurin. Mun ga abin da ya faru da mawaƙiyar bishara Osinachi da ta rasu a Abuja a watan Afrilun 2022, sai bayan rasuwarta 'yan'uwa da abokan hidima suka fito suna faɗin abin da ta daɗe tana sha a gida, maganar ta kai kotu. Tun 2015 akwai dokar tarayya ta hana cin zarafin mutane wadda ake kira VAPP, jihohi da yawa sun karɓe ta, akwai kuma ƙungiyar lauyoyi mata FIDA da ke taimakawa. Duka laifi ne gaban hukuma, zunubi ne gaban Allah.

Istifanus:
Amma Malakai 2:16 fa? Allah yana ƙin kisan aure. Kar mu koya wa mata tattara kaya.

Fasto Iliya:
Ba wanda ya ambaci kisan aure ɗan'uwa. Kuma wannan wurin a Malakai da maza ake, aya 14 ta ce Ubangiji shaida ne tsakaninka da matar ƙuruciyarka wadda ka ci amanarta. Mace ta kauce wa duka don ta rayu ba ita ta karya alkawari ba. Na goyi bayan Saratu ɗari bisa ɗari, kuma mu shugabanni mu daina mayar da mace da kumburin fuska muna ce mata je ki ƙara haƙuri ba tare da an kira mijin an tsawata masa ba.

Maman Bulus:
Bari in taimaka da kalmomi, don wani lokaci mutum ya san ya kamata ya yi magana amma bai san ta ina zai faro ba. Yara sun yi barci, ya ci abinci ya huta, ki zauna kusa da shi ba tsaye a kansa ba, ki kira shi da sunan da kika saba. Kice, Baban yara akwai maganar da ke damuna ina so mu yi ta mu biyu. Masu bashi sun turo min saƙo, na kuma ga abin da ke faruwa da kuɗin makaranta. Raina ya ɓaci, tsoro ya kama ni, kuma abin da ya fi min ciwo ba kuɗin bane, ɗaukar wannan kaya da ka yi kai kaɗai ka bar ni a duhu. Ban kai maganar gidanmu ba ban kai gidanku ba, wurinka na fara zuwa. Gaya min nawa ne duka mu san yadda za mu yi. Daga nan ki yi shiru. Wannan shirun ne mai wuya, za ki ji kamar ki juye duk abin da ke ciki amma ki bari ya yi magana ko zai ɗau lokaci, Yakubu 1:19 ta ce saurin ji, jinkirin magana, jinkirin fushi. Kar ki ce kullum haka kake, kar ki ce dubi mijin wance, kar ki jawo danginsa ciki, kar ki tono laifin shekarar da kuka yi aure. Magana ɗaya kika zo da ita ki tsaya a kanta. Kuma kar ki ce kai da kake tsayawa gaban jama'a a coci, wannan shi da kansa yana faɗa wa kansa.

Alheri:
In ya tashi ya fita fa, ya daina cin abincin kamar yadda ya saba?

Maman Bulus:
Ta bar shi ya fita, kar ta tare ƙofa kar ta riƙe riga. Ta ci gaba da ajiye masa abinci da gaisuwa yadda ta saba. Bayan kwana biyu ta sake ɗagowa a hankali. Ba dole bane a gama a zama ɗaya, amma kar fushinsa ya sa ta janye maganar tace ai shikenan ka yi haƙuri ni ce da laifi.

Hannatu:
In an yi haka sau biyu sau uku ya ƙi fa, wa za ta kira? Ni ina ganin nan ne mata da yawa suke kuskure su kira mamarsu. Ke za ki yafe ki manta, uwa ba ta mantawa, shekara goma tana kallonsa da abin.

Fasto Iliya:
Aya 16 ta Matiyu 18 ta ce mutum ɗaya ko biyu, ba zumuntar mata duka ba, ba kuma roƙon addu'a a taron mata da kowa zai gane wa ake nufi ba. Ta zaɓi wanda shi mijin yake jin nauyinsa kuma mai riƙe sirri, wanda ya tsaya masu a ranar aure, ko dattijo ɗaya da matarsa. Kuma ta gaya masa tukuna, tace tunda mun kasa mu biyu zan roƙi Baba wane ya zauna da mu. Kar ya shigo gida ya tarar da taro.

Godiya:
Baba Fasto gaskiya abin da ke hana mutane zuwa wurin dattawa tsoron horo ne. Ana ji sai a sauke mutum daga hidima a sanar, kafin Lahadi ta zagayo duk unguwa ta sani, matar ce kuma za a ce ta tona wa mijinta asiri.

Fasto Iliya:
Wannan ƙorafin na karɓe shi 'yata. Kai wa ikkilisiya mataki na ƙarshe ne, na wanda ya ƙi ji bayan an bi na ɗaya da na biyu. Mutumin da ya tuba a ɗakinsa gaban matarsa ba shi da abin yi a gaban kwamiti. Zai iya yiwuwa shi da kansa ya ga ya dace ya ajiye riƙon kuɗin wata ƙungiya in yana riƙe da shi, wannan hikima ce, amma ba a yi masa shela.

Bala:
Ni ta fannin kuɗin zan ce wani abu don in ya yi kuka ya ce ya tuba bashin na nan. Su zauna da biro da takarda su rubuta kowane bashi, na waya da na mutane, da ranar biya. Masu bashin waya wa'adinsu gajere ne ruwansu kuma mai yawa, shi ya sa mutum ke ci a nan ya biya can har ya nutse, Karin Magana 22:7 ta ce mai cin bashi bawan mai ba da bashi ne. A daina cin sabo ko na sisi. Tura wa mutane saƙon cin mutunci da suke yi ma ba daidai bane, hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta fara kai masu samame tun 2022, ana iya kai ƙara, amma dai abin da aka ci a biya. Ya goge manhajar cacar a gabanta. Kuɗin makaranta kuma ranar da albashi ya shigo a tura asusun makaranta kai tsaye, ko ya zauna a hannunta.

Istifanus:
To in ta yafe masa me ya sa kuma za ta riƙe kuɗi? Yafewa rabi da rabi kenan.

Bala:
A'a ɗan'uwa. Yafewa tana iya yi a daren nan, ta daina riƙe shi a zuciya. Amana kuwa a hankali take dawowa. Caca tana da ja, wanda ya tuba da gaske shi da kansa zai ce riƙe katin nan kar ya kwana a aljihuna ranar da ake buga wasa. Taimakonsa take yi ba hukunci ba.

Yohanna:
Tunda ana maganar ku ba ni dama in kawo tawa, don ba mata kaɗai ke da wannan damuwar ba. Mahaifiyata na zaune da mu tun rasuwar Baba. Madam mace ce mai ƙoƙari, tana yi mata wanki tana kai ta asibiti, amma bakinta in ta gaji ba daɗi, tana amsa wa Mama da tsawa wani lokaci har a gaban yara. In na ji sun fara sai in ɗau babur in fita. Ina tsoro in na yi magana tace na fi son uwata, ta fasa ma abin da take yi.

Mama Laraba:
Ɗana fitar nan da kake yi ita ce ke ƙara wutar. Uwarka na ganin ka yarda a wulaƙanta ta, matarka na ganin ka bar mata kaya ka gudu. Adamu yana tsaye a wurin lokacin da Hawwa'u ta ɗauki 'ya'yan itacen, bai ce komai ba, kuma da Allah ya zo shi ya fara kira. Ka yi mata magana, amma a ɗaki, kada ko da wasa ka gyara mata a gaban uwarka. Ka fara da godiya kuma godiyar gaske, ka ambaci wankin da asibitin da sunansu, jinyar tsoho ba ƙaramin aiki bane. Sannan kace amsar da kika ba Mama jiya ta yi min ciwo, yara kuma suna koyo. Ka tambaye ta me ya fi gajiyar da ita, in ta faɗa ka ɗauke mata wani abu, ko 'yan'uwanka mata su riƙa zuwa suna karɓarta. Kolosiyawa 3:19 ta ce ku ƙaunaci matanku kada ku yi masu ɗaci, 1 Bitrus 3:7 kuma ta ce in ba ka zauna da ita da sanin ya kamata ba addu'arka ma tana tsayawa.

Alheri:
Mama na ji daɗin wannan sosai. Amma ku gafarce ni, shi kun ce ya yi magana, ita 'yar'uwarmu kun ce gwiwa kawai.

Mama Laraba:
'Yata ba laifi da kika tambaya. Da nace haƙuri ba ina nufin bebantaka ba. Mu ma muna magana, sai dai da asuba muke yi, ƙofa a rufe, murya ƙasa, ko ɗan da ke goye bai san an yi ba. Abin da nake tsoro shi ne irin maganar da nake gani yanzu, ta tsakar gida da ta waya, wadda maƙwabta ke ji kafin mijin ya gama fahimta. In za ta yi yadda Maman Bulus ta tsara, bayan ta yi gwiwar, ni ba ni da ja. Titus 2 ta ce mu tsofaffi mu koya wa ƙanana, in tana so admin ta haɗa mu in yi azumi tare da ita ranar da za ta yi maganar, ba sai na san sunanta ba.

Yohanna:
Na gode Mama. Saura ɗaya, gaskiya wani lokaci mahaifiyar tawa ce ke farawa, ta kushe girki ko tace ba a iya tarbiyyar yara ba. Ita kuma wa zai yi mata magana?

Mama Laraba:
Kai ne, ba matarka ba. Wata rana daban, ba ranar da ka yi da madam ba. Ka shiga ɗakinta ka zauna ƙasa, ka gaishe ta ku ɗan taɓa hira, sannan kace Mama yarinyar nan tana iya ƙoƙarinta, in kin ga abin gyara ki gaya min ni zan san yadda zan yi. Kar ka nuna matarka ce ta kawo ƙara, ka ce kai ka gani da idonka. In ta yi fushi tace an mallake ka kar ka amsa, ka ba ta haƙuri ka fita, gobe ka dawo gaisuwa yadda ka saba. In kana da baba ƙarami ko gwaggo da take jin maganarsu, ka ajiye su sai in naka ya ƙi ci.